Dodon Koɗi a Randar Zaure

Unguwar Dala, Kano
6 ga Oktoba, 1958

Zuwa ga taubashina Malam Jibrin, a Landan.

Sallama da gaisuwa mai yawa, wadda ta fi ƙarfin wannan 'yar takardar jirgin sama. Mu nan lafiya lau. Baba Goni yana nan da ƙarfinsa, yana jan salla a masallacin unguwa, yana ba da karatu a zaure, sai dai faso da ya matsa wa dugadugansa. Ƙanwarsa, Gwaggo 'Yardada, tana gaishe ka. Ta ce wai kai ne ɗan Zara na Yerwa da ya taɓa zuwa mana suna da gajeren wando? Na ce shi ne, amma na ji labari wandon ya ƙara tsawo.

Wasiƙarka ta zo. Na karanta na sake karantawa, ba don ban gane ba, don na kasa yarda. Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, amma shekara da shekaru ba ka tuna kana da dangi a Kano ba, sai yau da kake son dodon koɗi. Dodon koɗi, Ya Jibrin! An ɗauke ka daga Yerwa zuwa Zariya, daga Zariya zuwa Badun, daga Badun har Ingila, ana ciyar da kai ana tufatar da kai, duk don ka zauna kana leƙen abin da yaranmu ke takawa a bakin kududdufi. Ka ce shi ne bincikenka na babban digiri, in ka gama a riƙa ce maka Dokta, ka koma jami'a a Badun ka koyar. Ka ce wai a jikinsa cutar tsargiya take. To wane yaro ne a Kano bai yi fitsarin jini ba? Ni na yi, ya wuce, ga ni nan.

Kada ka ga baƙina. Ranar da masu ɗibar yara makarantar boko suka shigo unguwarmu, ƙarƙashin gadon Gwaggo aka cusa ni. Wannan rubutun da kake karantawa daga tsofaffin jaridun da nake naɗe huluna da su na koye shi, baƙi bayan baƙi, ina tare 'yan makaranta a hanya ina tambaya suna yi mini dariya. Saboda haka in ka ga harafi ya karkace, ka haɗiye abinka.

Duk da haka na yi maka aikin. Na bi kududdufin bayan gidanmu, da na wajen Ƙofar Mazugal, da gefen Jakara. Na jefa ganyen kaba a ruwa yadda ka ce, na koma na tarar sun manne masa, ƙanana, ba su fi ƙwayar wake ba. Takalmin robar da ka nace in sa, aronsa na yi, ya yi mini yawa, amma na sa. Masu yin tubali suka bar aiki suna kallona. Ɗayansu ya ce, "Ɗan Goni, miya za a yi?" Na ce, "I, gidanku za a kai."

Na sayi sabuwar randa, na zuba ruwan rijiya mai kyau, na sa su ciki da ganye, na rufe da faifai, na tura ta lungun zaure can bayan alluna, don nan ya fi sanyi. Ban gaya wa kowa abin da ke ciki ba. Ka san Baba Goni da abin da ya taɓa boko. Jibi zan kai huluna Nguru da Gashuwa, zan ɗan jima, amma zan dawo kafin Baturen likitan da ka ce zai tafi gida hutu ya aiko a karɓa.

Naka, ko ka so ko ka ƙi,
Isyaku

*

Landan
20 ga Oktoba, 1958

Ƙanena kuma taubashina, Isyaku.

Amin wa alaikumus salam. Ina gaida Baba Goni da girmamawa, Allah ya ƙara masa lafiya. Ka ce wa Gwaggo wandon ya kai idon sawu. Ni lafiya, sai sanyi, da kewar tuwo.

Allah ya saka maka. Zaginka ma na ji daɗinsa, don rabona da wanda zai zage ni da Hausa tun a jirgin ruwa. Harufanka kuwa sun fi na wasu masu digiri tsayuwa.

Albishir! Farfesan da ke duba aikina zai yi tafiya, ya ce in tsaya wa ɗalibansa a aji. Isyaku, ba ka san yadda nake son wannan abu ba. Binciken ina sonsa, amma koyarwar ce ta kawo ni. Burina ranar da yaro daga Dala zai shiga jami'a ya tarar da malamin da ya san kududdufi da ƙafarsa, ba a littafi kaɗai ba.

Bari in gwada darasin a kanka. In ka gane, su ma za su gane.

Yaro mai tsargiya ya yi fitsari a kududdufi. A cikin fitsarin akwai ƙwai da ido ba ya gani. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya nemi dodon koɗi ya shige jikinsa, ya hayayyafa a ciki. Daga nan sai 'ya'yan su riƙa fitowa cikin ruwa kullum, da yawan gaske, musamman da rana tsaka. Ga abin mamakin: ba sai an sha ruwan ba. Fata suke hudawa. Mutum ya ji ƙaiƙayi a ƙafa, ya sosa, ya manta. Su kuwa sun bi jini, sun je sun zauna wajen mafitsara. Wani bayan 'yan makonni sai zazzaɓi da tari su kwantar da shi, in jikinsa ba ƙarfi abin yakan yi muni. Kai da ka ce ta wuce, ba lalle ba ne ta wuce.

Abin da nake nema shi ne wane iri ne ke ɗauke da ita a ƙasarmu, kuma ina suke ɓuya in kududdufi ya ƙafe da rani. In an san maɓoyarsu, an san inda za a tare su.

To, ka gane? Faɗa mini gaskiya.

Likitan ya ɗaga tafiyarsa zuwa Disamba, sai ka ci gaba da kula da su. Ka dai gani daga darasin cewa ruwan randar nan, ko da na rijiya ne, ya zama ɗaya da na kududdufi. Kada ka sa hannu a ciki.

Yayanka,
Jibrin

*

Dala, Kano
9 ga Nuwamba, 1958

Ya Jibrin,

Sallama. Ba lafiya ba. Baba Goni yana kwance.

Na gane darasinka. Wallahi na gane shi, da ma ban gane ba.

Na dawo daga Gashuwa na tarar da wasiƙarka tana jirana a shagon Haruna mai gyaran agogo, inda ake ajiye mini. A nan na tsaya na karanta, ina dariya, har na kai layin ƙarshe. Ban damu ba, na ce ai randar tana lungu a rufe. Na shigo zaure, sai na gan ta a bakin ƙofa, a kan gindin tsohuwar randar baƙi, da moɗa a kanta.

Tsohuwar randar ce ta tsage bayan tafiyata. Ka san zauren malami ba ya kwana ba ruwan alwala, Gwaggo ta fi kowa riƙon wannan. Ta leƙa lungu ta ga sabuwar randa, ta ɗauka ni na hango tsagewar na saya. Ta tare ni da murna, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan, ashe kana da hankali. Sai dai ka bar ganye a ciki, na kwashe." Ganyen ta kwashe, su kuwa suna manne a gindi, baƙaƙe a cikin baƙar randa. Kullum ana ƙara ruwa a kansu.

Baƙi suna ɗiba su yi alwala su wuce. Baba Goni kuwa ba haka ba. Saboda fason nan, Gwaggo ta ƙirƙiro masa magani: kullum da hantsi ta cika tasa daga randar, ya tsoma ƙafafunsa yana karatu har a kira azahar. Da rana tsaka, Ya Jibrin. Lokacin da ka ce.

Na ce, "Gwaggo, ya taɓa cewa yana jin ƙaiƙayi?" Ta ce, "Kai, sosai ma! Har ƙuraje suka feso. Na ce masa fason ne ke fita."

Na zauna a ƙasa.

Yanzu zazzaɓi ne, da tari busasshe, da ciwon ciki. Ya rame a idona. Jiya bai iya fita asuba ba, na'ibinsa ne ya ja salla, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo. Yana shan rubutu da jiƙo, ya ce masassarar kaka ce. Na yi maganar asibiti, ya ƙi. Bai taɓa taka ƙofarta ba.

Na janye randar zuwa ɗakina na kulle, na ce tana yoyo. Na so in fasa ta, amma ina zan zubar da ruwan? Ko'ina na duba a gidan nan ƙafar wani za ta taka.

Ka ce "in jikinsa ba ƙarfi abin yakan yi muni." Mene ne muni? Kai malami ne, faɗi kalmar. Ya haura saba'in. Zai mutu? Akwai magani? In gaya masa? Da wane baki zan ce masa ni na kawo abin cikin zaurensa, na ɓoye bayan allunan Alƙur'ani?

Ka amsa ranar da ta same ka. Kada ka ci abinci sai ka amsa.

Isyaku

*

Landan
10 ga Nuwamba, 1958

Ƙanena Isyaku,

Gaisuwa gare ka da mutanen gida duka, ina fatan kowa lafiya kamar yadda nake. Ban ji daga gare ka ba, na san kana hanya, amma na kasa haƙuri.

Na yi ajin! Da na tsaya, allin ya karye a hannuna, wani a baya ya yi dariya. Sai na ajiye takarduna na ba su labarin kududdufin Kano, da masu tubali, da maganar miya. Aji ya yi tsit. Da na kai inda 'ya'yan ke huda fata, sai na ga wata ɗaliba ta janye ƙafafunta ƙarƙashin kujera ba ta sani ba. A nan na san sun ji. Lokaci ya cika ba wanda ya tashi.

Isyaku, wannan shi ne aikina har in mutu. Ban taɓa jin daɗi irin na yau ba.

Yaya baƙinmu na cikin randa? Ka kula mini da su kamar 'ya'yanka.

Jibrin

*

Dala, Kano
18 ga Nuwamba, 1958

Jibrin,

Ba ni da gaisuwa yau.

Da na ga tambarin Ingila a hannun Haruna, fizge takardar na yi, na yage ta wajen buɗewa. Ina neman "zai rayu" ko "ba zai rayu ba", sai na tarar da alli ya karye, da wata Baturiya ta janye ƙafa. Na san wasiƙunmu saɓani suka yi a hanya, na duba kwanan wata, ba jaki ba ne ni. Amma sanin bai hana ni jin kamar in shaƙe ka ba.

Ita ta janye ƙafarta daga ruwan da babu. Ubana ya tsoma tasa ƙafar a na gaske, don malamin da ya iya sa aji ya yi tsit bai iya rubuta layi ɗaya a wasiƙarsa ta fari ba. Ka cika takarda da takalmin roba, da ganyen kaba, da burinka na Badun. Layi ɗaya, Jibrin: "Ruwan randar ma guba ne." Da ka rubuta shi, da a ɗakina zan ajiye ta ko da za su dahu.

Kuma na san ba kai kaɗai ba ne. Wa ya ɓoye? Wa ya yi tafiya bai ce wa kowa komai ba? In na gama zaginka sai in juyo kaina, shi kuwa ba ya ƙarewa.

Jikin ya ƙara tsanani. Ba ya iya riƙe ko kunu. In sanyin ya taso masa haƙoransa har ƙara suke, sai mu fito da shi rana mu lulluɓe. Mutanen unguwa sun fara shigowa dubiya irin wadda ake yi a hankali, ana fita ana girgiza kai. Shekaranjiya ya kira ni ya ce in ɗauko Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa, ya gaya mini wanda za a ba. Na ce, "Baba, bar wannan magana." Ya ce, "Kai dai ji."

Na je asibiti neman likitanka, aka ce yana rangadi. Na roƙi Baba mu je ko wani ya duba shi, har na ɗaga murya, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ya ce, "Isyaku, masassara ce. In kwana ya ƙare, Bature ba ya ƙara shi."

Ina jin tsoro. Ban taɓa rubuta wannan kalma ba sai yau. In na shiga ɗakina sai in ga randar a kusurwa, shiru, kamar ba ta yi komai ba.

Isyaku

*

Landan
17 ga Nuwamba, 1958

Isyaku,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzu taka ta tara ga wata ta shigo hannuna, a tsaye nake rubutu. Allah ya ba Baba Goni lafiya. Waccan wasiƙar tawa ta ajin, in ta iso, ka ƙone ta. Laifin nawa ne. Na san abin har na manta cewa wani bai sani ba.

Ka ce in faɗi kalmar. I, yana iya kashewa, amma ba kasafai ba, mafi yawa suna tashi in an kula da su. Kuma ba mu tabbata ita ce ba. Ba kowane dodon koɗi ke ɗauke da cutar ba, sau da yawa a tara da yawa ba a samu ko ɗaya. Zazzaɓin yana iya zama na sauro, ko wani abin da ya fi gaggawa. Ko wanne ne, sai likita ya gan shi.

Ga abin da za ka yi, ka bi shi daki-daki. Ka samo tambulan na gilashi masu haske. Ka zuba wa kowanne ruwan rijiya sabo, kaɗan. Ka ciro dodon koɗin da cokali mai dogon hannu, ban da yatsa, ka rarraba a ciki. Ka jera a rana tun hantsi. In rana ta take, ka ɗaga kowane tambulan wajen haske, ka sa baƙin ƙyalle a bayansa, ka duba da madubin nan da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido. In akwai, za ka ga wasu farare ƙanana kamar ƙurar gari, suna hawa suna sauka. In ka gama, ruwan tafasasshe ke kashe su.

In ba ka ga komai ba, ka gode wa Allah, ka sake gwadawa washegari. In ka gani, kada ka roƙi Goni. Malami ne, ya shekara hamsin yana ce wa ɗalibai su kawo hujja. Nuna masa.

Kai ma a duba ka, da Gwaggo.

Na gaya wa farfesa komai. Na ce masa in wani abu ya sami Goni, zan tattara in dawo gida, in nemi aikin akawu. Wanda ya kasa yi wa mutum ɗaya bayani a kan lokaci bai cancanci a ba shi aji ba.

Jibrin

*

Dala, Kano
30 ga Nuwamba, 1958

Ya Jibrin,

Sallama da gaisuwa. Yana da rai. Na fara da wannan don na san yadda ake buɗe wasiƙa da fargaba. Wadda na aiko maka ta zagi, ban janye ta ba, amma rabi nawa ne.

Na yi yadda ka ce. Na aro tambulan wajen mai shayin bakin kasuwar Kurmi, ya ce in na fasa ɗaya sai na auri ƙanwarsa. Haruna ya ba ni madubinsa, ya rufe shago rabin yini dominsa. Na aiki Gwaggo gidan maƙwabta, na jera tambulan ɗin a kan dakalin tsakar gida. Baba yana gefe a tabarma, a lulluɓe, na ɗauka barci yake.

Na ɗaga na farko, ba komai. Na biyu, ba komai. Na bi su ɗaya ɗaya, zuciyata tana sauka, har na fara cewa alhamdu lillahi. Saura kaɗan in gama sai na gan su.

Ya Jibrin, ka ce kamar ƙurar gari. Ƙura ba ta da niyya. Waɗannan suna da ita. Su yi sama da rawar jiki, su tsaya, su sulalo ƙasa, su sake tashi. Nema suke. Na sauke tambulan ɗin da sauri kafin ruwan ya taɓa yatsana.

Sai na ji murya a bayana, ƙasa-ƙasa: "Isyaku, shayi ka koma sayarwa?"

Na juya. Idonsa biyu, ya daɗe yana kallona. Na durƙusa na gaya masa, tun daga wasiƙarka har tasar Gwaggo. Ban san yadda na jera maganar ba. Na jira ya tsine mini. Sai ya ce, "Kawo in gani."

Na tallafe shi ya zauna. Na maƙala masa madubin, na riƙe tambulan da baƙar hula a bayansa. Ka san idon mutumin da ya rubuta Alƙur'ani da ka, wasali bai taɓa ɓace masa ba. Ya duba har hannuna ya gaji.

Ya ce, "Subhanallahi. Wutsiyarsa a rabe take gida biyu."

Ni ban ma lura ba.

Ya ce, "Ta ina yake shiga?" Na gaya masa. "Daga ina ya sami dodon koɗin?" Na gaya masa. Ya yi ta tambaya ina amsawa da darasinka, inda na yi tsalle ya dawo da ni, kamar yadda yake yi wa mai hadda. Ya ce, "Wa ya karantar da kai?" Na ce, "Jibrin, ta wasiƙa."

Ya ce, "Wannan yana jikina?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

"Wa ya sani?"

"Likita."

Ya cire madubin ya miƙo mini. Ya ce, "Ɗauko mini rawanina." Har na miƙe ya riƙo rigata, ya ce, "'Yardada ba za ta ji wannan ba. Ita ta zuba ruwan da hannunta, ba za ta iya ɗauka ba. Ka ji ko?"

A kan jakin maƙwabcinmu muka kai shi, unguwa tana kallo. Likitanka ya dawo daga rangadi. Ya kwantar da shi, ya ba shi magani, zazzaɓin ya fara sauka, jiya ya sha fura. Amma ya ce ƙwan ba ya nunawa a fitsari da wuri, sai an dawo nan gaba kafin a san gaskiya. Ya kuma ce allurar cutar tana da ƙarfi ƙwarai, tana taɓa zuciya. Da ya faɗi haka ya dubi Baba, bai ƙarasa ba.

Saboda haka tsoron bai tafi ba, wuri ya sake. Ka yi mana addu'a.

Isyaku

*

Dala, Kano
15 ga Fabrairu, 1959

Zuwa ga Ya Jibrin.

Sallama da gaisuwa, da fatan sanyin ƙasar nan bai ƙarasa ka ba. Wasiƙunka duk sun iso, ban amsa ba don ba ni da abin faɗa sai jira. Gwaggo lafiya, an duba ta da sunan duba tsofaffi, ba ta da komai. Ni an samu, tsohuwa ce tun ta yarinta, na sha allurai na yi amai na tashi.

An samu a jikin Baba.

Likita ya ce ba ta yi yawa ba. Ya ce a shekarunsa allurar ta fi cutar haɗari, ba zai yi masa ba, sai dai a riƙa kawo shi ana dubawa. Na ce, "To zai mutu?" Ya ce, "Wata rana, amma ba na jin wannan ce za ta kai shi." Baba ya sa aka fassara masa, ya ce, "Wannan Bature ya yi karatu."

Ya tashi, Ya Jibrin. Yana cin tuwo, yana zama a zaure, ɗalibai sun dawo, jiya na ji yana yi wa wani faɗa a kan madda. Na tsaya a bayan ƙofa ina saurare kamar ana yi mini kiɗa.

Sai dai jinin ya fara. Ɗigo ne, bayan fitsari, wani lokaci ya ɓata masa wando bai sani ba. Ni na ce ai ba komai, larura ce, sallarsa ta yi. Ya ce, "Tawa ta yi. Ta mutanen da ke bayana fa?" Ya tara dattawan unguwa ya ce ba ya sakankancewa da tsarkin tufafinsa, ya miƙa limanci ga na'ibinsa. Suka roƙe shi, wani har da kuka. Bai faɗi dalilin ciwon ba, bai ambaci sunana ba. Tun kafin a haife ni yake jan sallar nan.

Na karanta masa maganarka ta aikin akawu. Ransa ya ɓaci fiye da ranar tambulan. Ga saƙonsa, yadda ya faɗa: "Ka ce wa ɗan Zara, ni ma na taɓa biya wa ɗalibi aya da kuskure, ya tafi da ita har garinsu. Ban rufe makaranta ba, bin sa na yi na gyara. Ya zauna ya gama. In ya dawo ba da digirin ba, kada ya shigo mini zaure." Dodon koɗin ma shi ya sa na kai wa likita kafin ya tashi makon jiya, don tafiyarsa ta sake ɗaguwa, ya ce abin da ya ci ƙafarsa ba zai tafi a banza ba. In sun iso da rai, ka yi aikinka.

Ni ban yafe maka duka ba, ban yafe wa kaina ko kaɗan ba. Amma in ka bar koyarwa, to limancin ubana ya tafi a kan ba komai, wannan kuwa ba zan yafe ba har abada.

Ranar da sabon liman ya fara, na makara da gangan, don ba na son in gani. Na shiga ana tada iƙama, na laɓe a ƙarshen sahu wajen bango. Sai na ji ana matsawa, mutane suna buɗa hanya. Baba ne ya bar wurin da aka tanadar masa a bayan liman, ya tako har inda nake, ya tsaya. Tun da nake, bayansa kawai na sani a salla. Ya dubi ƙasa, ya sa ƙafarsa ya taɓa tawa, ya ce, "Daidaita sahu."

Wassalam.

Ƙanenka,
Isyaku